Had-dis ɗin gidan gem da ikon da ke suɓuce wa mai shago

Cikin ƙananan sana'o'in da suka tsiro a garuruwan ɗalibai na kudancin Kaduna a shekaru ashirin da ɗoriya ɗin nan, da wuya a samu wadda ake yi wa kallon raini kamar gidan gem. Shago ne guda, wani lokaci na langa-langa, da talabijin biyu ko uku, da benci, da janareta a waje yana ta gurnani. A Gidan Waya, inda Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna ke tara matasa daga Jama'a da Sanga da Kaura da Zangon Kataf da ma jihohin maƙwabta, haka nan a Kafanchan, ido ya saba da irin wannan shago har ba ya ganinsa. Sai dai akwai wani ɗan aiki da ake yi a kan teburin mai gyara wanda ya cancanci a tsaya a dube shi: a kwance na'urar gem, a zare had-dis ɗin da ta zo da shi, a zura wanda ya fi shi ɗaukar kaya. Aikin bai wuce na minti goma da sukudireba ɗaya ba, amma shi ne ya mayar da na'urar da aka ƙera domin falon wani a Tokyo ko Landan ta zama jarin mai shago a gefen titin Kafanchan zuwa Akwanga. Abin da nake son nunawa shi ne, a da duk wanda ya ƙara girman had-dis ya ƙara yawan abin da ya mallaka, kuma wannan alaƙa tsakanin wurin ajiya da mallaka tana tsinkewa a kan idonmu, ta yadda masu irin wannan shago ne za su fara jin zafin tsinkewar kafin kowa.

Farkon lamarin ba a san wani had-dis ba. Na'urar Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda mafi yawanmu muka sani ta hanyar kwaikwayonta na China, tana aiki ne da kaset mai kauri da ake dannawa ta sama. A jikin wasu kaset ɗin akan rubuta cewa wasanni dubbai ne a ciki, yaro ya kunna ya tarar guda biyar ko shida ne ake ta maimaita musu suna. Haka Sega Mega Drive ta zo da nata kaset. Daga baya Sony ya fitar da PlayStation a watan Disamba na 1994, wasa ya koma kan faifan CD, aka kuma yi ɗan katin memori na kilobait 128 domin ajiye inda mutum ya tsaya. PlayStation 2 ta biyo baya a shekarar 2000 da faifan DVD mai ɗaukar gigabait 4.7 da memori na megabait 8. A duk wannan zamani wasa abu ne da ake riƙewa a hannu. Ana aronsa, ana musayarsa, ana sace shi, ana jinginar da shi, kuma wanda yake hannunsa shi ne mai shi, ba ya neman izinin kowa kafin ya kunna.

Matsalar faifai a wurinmu ita ce ba domin wurinmu aka yi shi ba. A cikin na'urar akwai ɗan ido mai haske da ke karanta faifan yayin da yake juyawa, kuma masu ƙera shi sun yi lissafin gidan da za a kunna awa biyu da yamma a ɗaki mai sanyi. A gidan gem kuwa na'ura tana tashi tun hantsi ba ta hutawa sai dare ya raba, cikin zafi, ga ƙurar hunturu da fanka ke zuƙowa ciki tana kwantawa a kan idon. Faifan da ke kasuwa kuma galibi kofi ne, daga irin kayan da ke fitowa ta Alaba a Legas, kuma karanta kofi ya fi wahalar da ido a kan karanta na asali. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan benci ya san yadda abin yake ƙarewa. Ana tsakiyar wasa, an kai minti na tamanin ana kunnen doki, sai hoto ya daskare, mai sharhi ya maƙale a kan kalma ɗaya. Yaron shago ya taso ya buɗe na'urar, ya hura faifan da baki, ya goge shi a gefen rigarsa, ya mayar, ya jingina na'urar a tsaye ko ya kifa ta, kowa ya zuba ido yana jiran tambarin farko ya fito. In bai fito ba an shiga gardamar wanda zai biya kuɗin wasan da bai ƙare ba, kuma kusan kullum mai shago ne ke asara. Sauya ido kuɗi ne, sabon faifai kuɗi ne, ga kwastoma ya tsallaka shagon gaba.

Mafitar ta fito ne daga wata ƙofa da Sony da kansa ya bari. PS2 ta farko, mai kaurin nan da ake kira babba, tana da wani rami a bayanta da aka tanada domin had-dis irin na kwamfutar tebur. Kamfanin ya sayar da nasa mai gigabait 40, amma wasanni kaɗan ne suka yi amfani da shi, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Final Fantasy XI. A 2004 sai ga wata manhaja mai suna HD Loader, wadda ba daga Sony ta fito ba, tana kwashe wasa daga faifai ta zuba shi a had-dis, daga nan a kunna shi ba tare da faifan ba. A wannan shekarar ce Sony ya fitar da siririyar PS2, kuma babu ramin a jikinta. Masu ƙirƙira na sa-kai ba su tsaya ba. Suka fitar da Free McBoot, wadda ake ɗorawa a kan katin memori ta buɗe na'urar ba sai an taɓa wayoyin cikinta ba, sannan Open PS2 Loader, wadda ke karanta wasa daga had-dis na ciki ko daga filash. Siririyar tana iya ɗaukar filash, amma ramin USB ɗinta tsohon samfuri ne mai nawa, shi ya sa bidiyon cikin wasa ke sarƙewa a kanta. Sakamakon haka babbar PS2, wadda Turawa suka riƙa zubarwa domin ta cika musu wuri, ta zama ita ce abin nema a hannun masu shago a nan, ko da idonta ya mutu murus, tunda an daina buƙatarsa.

Wannan sauyi ya fi ƙarfin a kira shi gyara. Had-dis na gigabait 500 yana ɗaukar wasannin PS2 sama da ɗari, ba ƙura, ba karce, ba jiran faifai ya juya. Mai sayar da faifai ya rasa kasuwa, mai lodi ya samu, wato mutumin da ke da kwamfuta da babban had-dis cike da wasanni, wanda ake kai wa na'ura ya zuba mata kaya a biya shi. Irin wannan juyi ne ya faru ga fina-finan Hausa lokacin da masu tura fim a waya suka maye gurbin masu shagon CD. Abin lura shi ne hanyar ba ta dogara da intanet ba. Mutum ɗaya ne a Kaduna ko Jos ko Abuja zai sauke wasa sau ɗaya, daga nan had-dis ya shiga aljihu ya hau mota, kafin mako ya zagayo wasan ya bazu a shagunan Kafanchan da Kagoro da Gidan Waya. Kafanchan, garin da ya girma da mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, ya saba da kayan da ke isowa a hannun matafiyi, kuma a lokacin da sabis ɗin waya ke rarrafe, motar haya ɗauke da had-dis ta fi kowane layi saurin isar da gigabait. Har bayan Sony ya daina ƙera PS2 a farkon 2013, kuma wasannin ƙwallo na FIFA 14 da PES 2014 suka zama na ƙarshe da aka yi mata a jerinsu, shagunan ba su tsaya ba. Masoya a ƙasashe daban-daban suka ci gaba da sabunta tsohon wasan, suna sa sababbin 'yan wasa da sababbin riguna, har ka ga ɗan ƙwallon da bai shiga firamare ba lokacin da aka ƙera na'urar yana zura ƙwallo a cikinta. Kamfani ya ce na'ura ta mutu, had-dis ya ƙara mata shekaru, kuma ribar shekarun nan ta shiga aljihun masu ƙaramin jari.

A zamanin da ya biyo baya had-dis ya zama ɓangaren na'ura tun daga masana'anta. Microsoft ne ya fara da Xbox a 2001, amma da ya fitar da Xbox 360 a 2005 sai ya sa had-dis ɗinta cikin wani gida na musamman, ya ce sai nasa za a saya, da tsada. Sony ya bi wata hanyar. PS3 ta 2006, wadda ta fito da gigabait 20 ko 60, tana ɗaukar had-dis irin na laftof, kuma littafin da ke cikin kwalinta ma ya bayyana yadda ake sauya shi. Haka PS4 ta 2013 mai gigabait 500. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsohon laftof da ya mutu a Kafanchan ba ya zama shara gaba ɗaya, domin had-dis ɗinsa yana da wurin zuwa. Aikin a PS4 ta farko abin sha'awa ne saboda sauƙinsa. Mai gyara zai zame murfin nan mai sheƙi da tafin hannu, ya kwance noti guda wanda aka zana wa alamomin nan huɗu na hannun gem a kansa, ya jawo ɗan tiren ƙarfe, ya kwance ƙananan noti huɗu na gefe, ya sa sabon had-dis na terabait ɗaya ko biyu, ya mayar da komai. Sai dai aikin bai ƙare a nan ba. Na'urar ba za ta tashi ba sai an sa mata manhajar da ke tafiyar da ita, kuma sai an sauko da wannan manhaja daga shafin Sony an ɗora ta a filash, a danne maɓallin kunnawa har ya yi ƙara ta biyu, sannan a zaɓi sake girkawa. Fayil ne na kimanin gigabait ɗaya, ba wani abin tashin hankali ba, amma sukudireba kaɗai ya kasa gama aikin, sai an leƙa gidan kamfani.

Tun kafin nan an shiga wasan ɓuya tsakanin kamfani da masu buɗe na'ura. A watan Agusta na 2010 aka fitar da wani ɗan filash da ke buɗe PS3, a farkon 2011 kuma wani matashi ɗan Amurka, George Hotz, ya wallafa mabuɗin sirrin na'urar, Sony ya maka shi a kotu, suka sasanta a watan Afrilu na shekarar. Tun daga lokacin duk ƙofar da aka gano, kamfani na toshe ta da sabuntawa ta intanet. Wannan ya haifar da wani abin mamaki a kasuwar na hannu, wadda ake ce wa tokumbo ko Beljiyam. PS4 ɗin da ta daɗe a kwali ba ta ga intanet ba, manhajarta ba ta wuce lamba 9.00 ba, wadda aka samu hanyar buɗewa a ƙarshen 2021, ta fi wadda aka sabunta jiya daraja a wurin mai shago. Tambayar farko da mai saye ke yi ita ce lambar manhaja, kafin ya tambayi girman had-dis. Babban gargaɗin da mai shago ke yi wa yaronsa kuma shi ne kada ya kuskura ya haɗa na'urar da intanet, domin dannawa ɗaya na iya rufe jarin gaba ɗaya.

Mai karatu zai ce, ai duk wannan labarin sata ne aka yi wa kwalliya. Maganar tana da nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Kwafar wasa ba da izini ba laifi ne a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, har da sabuwar ta 2022, kuma mu da muka ga yadda kwafi ya durƙusar da kasuwar fina-finan Kano ba mu da bakin cewa ba ya cutar da kowa. Waɗanda suka zauna shekaru suna zana wasa ma'aikata ne masu iyali. Amma kafin a yanke hukunci a duba lissafin. A shekarar 2000 mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne, dala tana wajen naira 100, sabon wasa na dala 50 ya kusan cinye albashin wata. A 2011 albashin ya koma naira 18,000, wasan dala 60 ya kama kimanin rabinsa. A 2024 aka mayar da shi naira 70,000, dala ta haura 1,500, wasan dala 70 ya zarce naira dubu ɗari, wato albashin wata ɗaya da rabi. Sannan ko mutum yana da kuɗin, kantin intanet na PlayStation ba shi da Najeriya a jerin ƙasashensa. Ɗan Najeriya mai son saye da halal sai ya yi rajista da adireshin Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, ya nemi katin kuɗi na can, wato sai ya fara da ƙarya kafin a karɓi kuɗinsa. A watan Mayu na 2024 duniya ta ga girman wannan giɓi, lokacin da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, aka janye wasan daga kasuwa a ƙasashe sama da 170 da ba su da wannan hidima, sai da aka yi ca a kansa ya janye sharaɗin. Bambancin da ke tsakanin wannan da fim ɗin Hausa shi ne mai fim ya kawo kayansa kasuwarmu da farashin da aka yi domin aljihunmu, muka kwafa duk da haka. Mai wasan bai taɓa buɗe mana kanti ba. Wannan bai wanke kwafi ba, amma ya nuna cewa cinikin da ake cewa an yi asara, yawancinsa ba a taɓa niyyar yin sa da mu ba.

Wani kuma zai ce, to ai ci gaba ya zo, me ake kuka a kai? PS5 da ta fito a watan Nuwamba na 2020 ta yi watsi da had-dis mai juyawa, ta koma SSD, ma'ajiyar da babu abin da ke motsi a cikinta. Wannan alheri ne na gaske, musamman a wurinmu. Tsohon had-dis faranti ne da ke juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai shawagi a samansa, kuma ɗauke wuta ba zato ko faɗuwa daga tebur na iya lalata shi. Duk mai PS4 ya san saƙon nan da ke fitowa bayan an ɗauke wuta, na'ura tana duba ma'ajiyarta, mai ita yana addu'a. SSD ta fi jure girgiza, ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma tun watan Satumba na 2021 Sony ya buɗe ramin da ke cikin PS5 domin mutum ya ƙara tasa da ya saya a kasuwa. A wannan fuska ya fi Microsoft sassauci, wanda ya fara sayar da katin ƙari na terabait ɗaya na Xbox Series a kan kusan dala 220. Ban musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tambayata ita ce, me ake zubawa a cikin sabon wurin, kuma na wane ne? Daga gigabait 825 da aka rubuta a kwalin PS5 ta farko, kimanin 667 ne mutum ke iya amfani da su, alhali wasa ɗaya irin Call of Duty na iya haura gigabait 100. Wurin da a da ya ɗauki wasa ɗari, yanzu 'yan ƙalilan ne ke cika shi. Abin da ke ciki kuma a kulle yake, an ɗaure shi da asusun wanda ya saya, ba ya tashi a wata na'ura sai da izini daga intanet. Kamar manomi ne ya gina ƙaton rumbu a tsakar gidansa da kuɗinsa, ya cika shi da hatsi, amma makullin yana hannun wani a wata ƙasa, kuma yana iya sauya kwaɗon duk ranar da ya ga dama.

Faifan ma, wanda shi ne ragowar abin riƙewa a hannu, ana janye shi a hankali. Tun ranar farko akwai PS5 marar ramin faifai. Samfurin 2023 ya zo da na'urar faifai da ake saya daban a maƙala, kuma sai an haɗa da intanet karon farko kafin ta yi aiki. PS5 Pro ta 2024, wadda ta fito a kan kusan dala 700, ba ta zuwa da ita sam. Abin da ya fi taɓa gidan gem kai tsaye shi ne abin da ya samu wasan ƙwallo, domin ƙwallo ce ke biyan kuɗin haya a shagon, sauran wasanni rakiya suke yi. Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda tsararraki suka tashi da shi, har yau ana tuna ƙafar hagun Adriano a PES 6, ya koma eFootball a 2021, babu faifai, kyauta ne a sauke, amma rayuwarsa tana kan intanet. FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, yana nan a faifai, sai dai sabuntawar da ke biyo shi gigabait ne masu yawa. Duk wannan ya faɗo ne daidai lokacin da kuɗin gudanar da shago ya yi tashin gwauron zabi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. PS2 ba ta cin wutar da ta wuce wat 50, PS5 kuwa tana shan kusan 200 in wasa ya yi zafi, ga babbar talabijin da take buƙata. Kuɗin da ɗalibin kwaleji zai iya biya domin wasa ɗaya bai bi wannan tashin ba.

Abin da ya sa batun ya wuce kukan masu shago shi ne waɗanda ke da intanet mai ƙarfi ma sun fara ɗanɗanawa. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantin intanet na 3DS da Wii U, wasannin da a can kaɗai ake samunsu suka daina sayuwa. Sony ya yi niyyar rufe na PS3 a 2021, ya fasa bayan an yi masa bore. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan tseren mota The Crew, wasan ya daina aiki har a hannun waɗanda suka sayi faifansa, lamarin da ya tayar da gangamin neman doka a Turai. Wani bincike na gidauniyar Video Game History Foundation a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa a lokacin. In haka ne, tsohon had-dis ɗin mai lodi, wanda ya tara domin neman abinci ba domin tarihi ba, yana ɗauke da abubuwan da masu su suka daina sayarwa. Ba na cewa shagon langa-langa ɗakin adana kayan tarihi ne, domin had-dis ma yana mutuwa, kuma ranar da ya fara ƙarar ƙwas-ƙwas ba wanda zai yi masa makoki. Amma abin da aka kwafa a wuri dubu ya fi wuyar ɓacewa a kan abin da ke wuri ɗaya a hannun kamfani ɗaya.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata baki ne, tunda waya ta riga ta kwashe matasa, kuma iyaye da malamai da limamai da fastoci sun daɗe suna fatan a rufe gidajen gem. Ƙorafinsu ba banza ba ne. Akwai yaran da suka gudu daga aji suka ƙare a benci, akwai kuɗin cefane da ya salwanta, akwai shagunan da caca ta shige su. Sai dai wanda ya ga an rufe gidan gem ya ce an huta, ya leƙa wayar ɗansa. Wasan bai tafi ko'ina ba, ya koma ƙarƙashin bargo ne inda babu mai shago da zai ce lokaci ya yi, ga shafukan cacar ƙwallo a manne da shi. Wayar kuma ita ce ƙarshen tafarkin da nake bayani a kai, domin yawancin sababbin wayoyi ba a cire musu batir, da dama ba su da ramin memori, wasannin cikinsu kuma ba sa motsi sai da data. A benci kuwa mutane ne ke zama kafaɗa da kafaɗa, Bajju da Kaninkon da Bahaushe da Bafulatani da Ibo, ana tsokanar juna da Hausa a kan Chelsea da Arsenal, a yankin da ya sha ganin ranakun da irin wannan zama ya gagara. Ban ce gem na kawo zaman lafiya ba, amma wuraren da matasa ke cakuɗuwa ba tare da an shirya taro ba ba su da yawan da za a yi murnar rasa ɗaya. Ga kuma abin da ba a cika lissafawa ba: yaron da ya koyi kwance PS2, ya gane bambancin had-dis mai faffaɗan baki da na laftof, ya iya tsara filash da girka manhaja, ya riga ya taka matakin farko na gyaran waya da kwamfuta. Na'urar da ke buɗuwa da sukudireba tana koyar da mai ita, wadda aka liƙe da gam kuwa sai dai a mayar da ita ko a jefar.

A yanzu dai masu shago suna yin abin da suka saba, wato jan tsohuwar na'ura iya inda za ta kai. PS3 da PS4 ne ke riƙe da yawancin benci, ana zare musu tsohon had-dis ana sa SSD irin ta laftof, wadda ke shiga tire ɗaya da noti huɗun nan, wasu kuma suna haɗa sola da batir domin rage shan fetur da kare na'ura daga ɗaukewar wuta. Wannan zai yi aiki muddin kwantenonin kayan hannu na ci gaba da sauke PS4 a Legas. Amma kayan hannu na bin bayan kasuwar Turai da Amurka ne da 'yan shekaru, kuma abin da ake saya a can yau shi zai iso nan gobe. A cikinsa akwai na'urori masu yawa marasa ramin faifai, waɗanda tsohon mai su ya goge asusunsa kafin ya sayar, kuma an sabunta manhajarsu har zuwa ta ƙarshe. Mai gyara a Kafanchan zai iya buɗe irin wannan na'ura ya ƙara mata terabait biyu cikin minti goma, kamar yadda ya saba. Abin da zai zuba a ciki sai an saya da dala, daga kantin da babu sunan Najeriya a jerinsa, a sauke shi da datar da ake saya da naira.